Lungun garka mai laima, a bar ma kajiji shi



A kusan kowace garka akwai wani lungu da mai ita ya haƙura da shi. Kun san shi. Wurin nan ne na bayan rijiya, ko na ƙarshen magudana, inda ruwan da ya kuɓuce yake taruwa. Sau da yawa akwai mangwaro ko gwaba ko ayaba a kansa, rana ba ta sauka wurin sai rabin yini. Ka dasa albasa, ta ruɓe. Ka sa tumatur, ya yi tsawo, ya yi ganye, babu ɗa. Barkono ya yi rawaya ya mutu. Daga nan sai a bar ma haki wurin, ko a mai da shi juji.

Ra'ayinmu shi ne, wannan lungu ba mataccen wuri ba ne. Akwai tsiron da ya dace da shi, kuma tsiron namu ne, ba sai an kawo irinsa daga waje ba. Shi ne kajiji, da wasu ƴan'uwansa da ke fitowa a bakin tabki. Muna so ku dasa shi da hannunku, kamar yadda kuke dasa rake da dankali. Amma a yi shi da lura, don cikin danginsa akwai mugu, kuma wanda ya ɗauko mugun ya kai garkarsa zai yaba ma aya zaƙi.

Dangin aya ne

Mu fara da sanin abin da muke magana a kansa. Aya da kajiji da aya-aya da gwaigwaya da gizgiri duk gida ɗaya suke. Ido yana ganinsu kamar haki, amma ba haki ba ne. Ka ɗauki karan hatsi ko na gamba ka duba: zagayayye ne, kuma yana da gaɓoɓi. Sa'an nan ka ɗauki karan aya ka murza tsakanin yatsunka. Za ka ji kusurwa uku, kuma babu gaɓa ko ɗaya daga gindi har kai. Da haka ake gane yawancin dangin nan.

Kajiji shi ne ya fita daban. Karansa zagayayye ne, kore shar, ba ya da ganye, yana miƙewa kamar tsinke. Inda ya samu ruwa yakan kai ƙirjin mutum, wani lokaci ya wuce. In ka shafa karan daga ƙasa zuwa bisa, za ka ji ƴan shingaye a cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma in ya bushe ana ganinsu da ido. A kan karan ne ƴan furanni masu launin ƙasa suke fitowa. Dukiyar kuwa tana ƙarƙashin ƙasa. Saiwar tana rarrafe, tana yin ƙulli-ƙulli masu tauri, baƙi-baƙi ko ja-ja. Ka karya ɗaya ka sansana. In ƙamshi bai doki hancinka ba, ba kajiji ka tono ba.

Mata ba su bukatar a yi musu wannan bayani. Sun san kajiji cikin turaren wuta, sun san shi cikin kayan amarya, sun san shi cikin akwatin tufafi. Ba jiya aka fara cinikinsa ba. A shekarar 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, kuma a ciki ya ambaci kajiji, har da wani irinsa da ake ce ma ɗan Tunuga. Masu karatu na ƙasar Gaya sun san garin Tunuga. Ke nan sama da shekara ɗari da suka wuce, fatake suna bambanta wannan kajiji da wancan, suna kiran kowane da sunan inda ya fito, kamar yadda muke cewa albasa ƴar Galmi.

Gwaigwaya kuwa doguwa ce, karanta mai kusurwa uku, kanta ya baje kamar laima. Ita don kara ake sonta: a tsaga, a shanya, a yi saƙa ko ɗauri. Karan kajiji ma ana saƙa tabarma da shi.

Aya fa? Ita ce babbar gidan, kuma manoman Cadawa da Agye da Gazawa da Madarumfa sun fi kowa saninta. Daga ƙasar Maraɗi ake loda ta zuwa Nijeriya, wata ma har Sifen, inda mutanen Balansiya ke yin kununta. Amma aya ta jigawa ce. Tana son rairayi mai laushi da rana tsantsa. In ka sa ta cikin laka a ƙarƙashin mangwaro, ganye za ka samu. Mun ambace ta ne don a tuna abu guda: kakanninmu sun riga sun ɗauko ɗaya daga cikin dangin nan daga daji, sun mai da ita amfanin gona. Abin da aka yi da aya, babu dalilin da zai hana a yi shi da kajiji.

Daji ya daina ba mu kyauta

Wani zai ce: abin da ke fitowa shi kaɗai a bakin tabki, don me zan wahala in dasa shi? Tambayar tana da kyau. Amsarta ita ce, bakin tabkin da kake magana ba ya nan kamar yadda ka san shi.

Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984. Bayan na 1984 ne gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a noman rani ko'ina cikin ƙasa. Abin ya ceci rayuka, kuma har yau muna cin moriyarsa. Amma ina aka yi garake? A fadama da bakin tabki. Wurin da kajiji da gwaigwaya suke tsaye, nan aka share, aka ƙona, aka ja fangali. Kowace shekara, in ruwa ya ja baya taku goma, mai garka ya bi shi taku goma. Ba mu ga laifin kowa ba, ciki ne ya sa. Amma abin da aka share bai koma ba.

Ga kuma rairayi. In an sare itatuwan tudu, ruwan damana yana gangarowa da gudu ta cikin ƙorama, ya kwaso yashi ya zuba cikin tabki. Tabkin da ke kai bazara da ruwa, yanzu tun cikin ɗari yake ƙafewa. A Gulbin Maraɗi, tun da aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a ƙasar Katsina wajajen 1990, gulbin ba ya malala cikin fadama kamar da. Can gabas kuma, tabkin Cadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25.000 a 1963, cikin shekarun 1980 ko kashi ɗaya cikin goma na wannan bai kai ba. Kayan turaren da matanmu suka fi yabo, sunan Barno da Cadi ake kira a kansu, kuma tun 2015 rashin kwanciyar hankali a jihar Difa ya wahalar da masu bin wannan hanya.

Inda ruwa ya rage kuma, kacala ta zo ta zauna. Kada ku haɗa ta da dangin aya. Kacala ganyenta dogo ne, mai faɗi kamar takobi, kanta kamar zangarniyar hatsi. Tana cika tabki ta shaƙe shi, ta hana masunta wucewa, ta toshe magudana, ta zama makwancin jan-baki masu cinye hatsi. Mutanen Gidimuni da na Dallol sun san wahalarta, haka ƴan'uwanmu na Haɗeja da Nguru. Inda kacala ta yi kauri, ƙananan tsirran bakin ruwa ba su samun wurin sa ƙafa.

Hukuma ta san darajar wuraren nan. Akwai wata yarjejeniyar duniya ta kare tabkuna da fadamu, wadda aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1987. An rubuta Dallol Boso da Dallol Mawri a cikinta a 2004, Tabalak da Ɗan Dutsi da Lasuri a 2005, Gidimuni da Madarumfa a 2019. Wannan abu ne mai kyau. Amma takarda ba ta dasa tsiro. In kowace mata da ke son kajiji sai ta je ta tone ɗan abin da ya rage a bakin tabki, wata rana za a je a taras babu. In kuwa yana cikin garake ɗari a gari ɗaya, ya tsira, kuma tabki ya huta.

Ba mu ne na fari da za mu noma shi ba. Wannan kajijin namu yana fitowa a Barazil ma. A jihar Para, kusa da birnin Belem, ana ce masa piripiriyoka, kuma ƙananan manoma suna dasa shi cikin fangali, ba cikin tabki ba, suna saida saiwar ga masu yin turaren kwalba. Sai dai can ruwan sama yana wuce milimita 2.000 a shekara. Mu a Maraɗi in mun samu 500 mun gode Allah. Shi ya sa ba mu ce ku kai shi gonar tudu ba. Wurinsa a ƙasarmu shi ne lungun nan mai laima.

Abin da masu ƙi suke cewa

Mun san ba kowa zai yarda ba, kuma masu ƙi suna da hujja. Bari mu saurare su.

Na farko yana cewa: ni da nake yaƙi da aya-aya dare da rana, kai kuma ka ce in dasa ɗan'uwanta? Wannan mutum yana da gaskiya, kuma a kansa za mu daɗe. Aya-aya, wadda wasu ke kira giragiri, ita ce mugun da muka faɗa. A 1977 masana suka jera miyagun ciyayi na duniya, ita suka sa a kan gaba. Gajeriya ce, ganyenta yana sheƙi, kanta ja-ja. Ƙarƙashin ƙasa tana yin ƴaƴa a jere, kamar carbi, wani zare siriri ya haɗa su. In ka tuge ta, zaren ya tsinke, ƴaƴan da suka rage kowane ya farka ya tsiro. Ka cire ɗaya, biyar su fito. Hauya tana yayyanka ta, tana watsa ta. Maganin feshi yakan ƙone ganyen, bayan ƴan kwanaki ta dawo. Abin da ya fi kashe ta shi ne rana: a kafce fangali cikin bazara, a juyo ƴaƴan waje, a hana su ruwa sati biyu, a sake juyawa. Saiwarta ita ma tana da ɗan ƙamshi, shi ya sa wanda bai sani ba yakan ruɗe. To, a nan ne haɗarin yake. In za ka ɗauko iri daga bakin tabki, kada ka ɗauko da ƙasarsa. Ka wanke saiwar tas, ka duba ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ba ta manne da zagayayyen kara marar ganye ba, jefa ta cikin wuta. Rigakafi ya fi magani.

Kajiji kansa yana rarrafe, ba mu ɓoye muku ba. Amma saiwarsa mai kauri ce, tana tafiya kusa da bisan ƙasa, ana ganin inda ta nufa, kuma ba ta son busasshen wuri. In ka yi masa iyaka zai tsaya. Za mu faɗi yadda ake yin iyakar.

Na biyu yana cewa: ruwa tsada gare shi. Mai da ake zuba ma injin ban ruwa kuɗi ne, guga da jigo kuma ƙarfi ne. Shi ma gaskiya ya faɗa. Don haka muke cewa, kada ka jawo ko bokiti ɗaya saboda kajiji. Ruwan da ya riga ya ɓace shi za ka ba shi: na ɗigar tiyo, na yoyon magudana, na ƙarshen fangali, na wurin alwalla. In garkarka ba ta da irin wannan wuri, wannan magana ba taka ba ce, ka ci gaba da albasarka.

Na uku yana tsoron sabro da maciji. Sabro a ruwa kwance yake ƙwai, kuma kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi. Dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya shi ma ruwa kwance yake so. Amma duba da kyau: lungun nan, tun kafin ka dasa komi, kududdufi ne. In ka cike ramukan, ka baje ƙasar, ka sa tsiron da ke shan ruwa dare da rana, ka rage kududdufin ne, ba ka ƙara shi ba. Abin da ake so shi ne ƙasa mai laima wadda in ka taka sawunka ya fito, ba wadda ruwa ke kwana a kanta ba. Maciji kuwa duhuwa yake so. Ka bar hanya kewaye da wurin, ka riƙa yanke busasshen kara, kada yara su sa hannu inda ido bai gani ba.

Akwai magana ta huɗu wadda masu ƙi ba su faɗa ba, mu za mu faɗe ta. Kajiji ɗan rana ne. A bakin tabki fili yake tsayawa. Yana jure inuwa, amma ba ya son duhu. Ƙarƙashin tsohon mangwaro mai kauri, inda ko da tsakar rana ba ka ganin ɗigon haske a ƙasa, zai yi siriri, ya kwanta, saiwar ba ta cika ba. Wurin da ya dace shi ne gefen inuwa, inda rana ke sauka daga safe zuwa hantsi ko azahar, ko ƙarƙashin itace mai sakakken ganye kamar dabino da zogale. Inuwar tana da nata amfani: tana hana iskar bazara shanye laimar. In itacenka ya yi duhu da yawa, ka sassabe rassan ƙasa, mangwaron ma zai ji daɗi. Can cikin duhun kuwa, ƴan ƙananan dangin nan, irin su gemun kwaɗo, sukan fito da kansu. Ba kuɗi gare su ba, amma suna rufe ƙasa. Kada ka ɓata ƙarfinka wurin share su.

Yadda za ka yi

Ka fara da kaɗan. Taku biyar a tsawo, taku biyu a faɗi, ya isa gwaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ka haƙa rami siriri kewaye da wurin, zurfin kamu ɗaya. Ka tsayar da tsohon kwanon rufi a ciki, ko fasassun bulo, ka bar yatsa huɗu a waje, ka mai da ƙasa. Wannan ita ce iyakar. Wanda ba ya da kwano ya bar ramin a buɗe, ya riƙa leƙawa, in saiwa ta leƙo ya datse ta. Mata masu son yi cikin gida, rabin tano ko tsohuwar randa da ta tsage sun isa, a aje kusa da inda ake zuba ruwan alwalla.

Iri ɗanye ake so. Kajijin kasuwa ya bushe, wani ma an riga an jiƙa shi da turare, kada ka dogara da shi. Lokacin tono shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwan tabki ya fara ja baya, laka ba ta ƙeƙashe ba tukuna. Ka sanar da maigari kafin ka je, in kuma tabkin yana cikin waɗanda hukuma ke karewa, ka tambayi ma'aikatan gandun daji. Ka ɗiba daga gefe, kaɗan nan kaɗan can, ka mai da laka ka rufe ramin. Gindi talatin ko arba'in sun ishe ka. In maƙwabcinka ya riga ka dasawa, wurinsa za ka roƙa, ka bar ma tabki nasa.

Ka yanka saiwar gunduwa-gunduwa, kowace da ƙulli biyu ko uku da ɗan kara. Ka datse karan ya rage kamar taƙi ɗaya. Ka dasa ran nan ko washegari, kada ta bushe. Zurfin yatsa uku ko huɗu, tsakanin gindi da gindi kamu ɗaya. In ƙasar laka ce mai tauri, ka gauraya ta da ɗan rairayi da ruɓaɓɓen takin dabbobi, don saiwa ta samu wurin kumbura, kuma ranar tono kada hauya ta karye. Takin zamani ba dole ba ne. Sati biyu ko uku na fari kada wurin ya bushe ko yini ɗaya. In ka ga sababbin tsinkaye kore suna huda ƙasa, ya kama. Ka yi masa noma da hannu sau biyu ko uku, daga nan shi zai rufe wurin da kansa. Ka kare shi daga awaki, don suna cin ɗanyen toho, ko da yake in ya tsufa ba su kula shi.

Ga gargaɗi mai nauyi. Kajiji cikin ɗaki ake ƙona shi, mutane su shaƙi hayaƙin, har da jarirai. Wasu ma suna jiƙa shi su sha. Saboda haka kada ka dasa shi inda ake wanke famfon feshi, ko inda baƙin man inji ke zuba, ko kusa da masai. Ruwan da ba za ka ba akuyarka ba, kada ka ba kajiji. (Su kuma masu shan sa don ciwon ciki, al'ada ce tsohuwa, amma zazzaɓi da gudawar yaro da ciwon mai ciki, gidan likita ake kai su, ba a tsaya jiƙo ba.)

Ka yi haƙuri shekara guda. Wanda ya tona da wata huɗu zai samu saiwa fara, mai ruwa, marar ƙamshi. In shekara ta kewayo, ka ga tsofaffin karare sun fara yin rawaya, ka tare ruwan kwana kaɗan ƙasa ta sha iska. Ka fara yanke karan, ka ɗaure dami-dami, ka shanya ma masu saƙa. Sa'an nan ka tona. Kashi biyu cikin uku za ka kwashe, ka bar kashi ɗaya a ƙasa, shi ne irin baɗi. Ka wanke, ka aske ƙananan jijiyoyi, ka shanya bisa tabarma a inuwa mai iska. Nan da yawa za su yi kuskure. Ƙamshin kajiji mai ne a cikin saiwar, kuma rana mai zafi tana tashin sa. Shanyar inuwa ta fi daɗewa, amma ita ke riƙe ƙamshi. In ka karya ƙulli ka ji ƙas, ya bushe. Ka zuba cikin tukunya mai marufi ko buhu mai tsabta, nesa da kananzir da albasa, kada ka daka sai ranar da za a yi aiki da shi.

Waɗanda garkarsu ke bakin ƙorama ko bakin gulbi suna da wata riba ta daban. Kun ga abin da ruwa ya yi a damanar 2020 da ta 2024, gaɓar da ba ta da komi a kanta ita ta fara zubewa. Layi biyu na kajiji ko gwaigwaya a gindin gaɓa, inda laima take, saiwarsu tana saƙa ƙasa kamar tabarma, kararen kuma suna rage gudun ruwa, yashi ya kwanta nan maimakon ya shiga fangali. Ba za su tare babbar ambaliya ba, amma zaizayar kowace shekara suna rage ta. Wanda aka dasa don riƙe gaɓa ba a tone shi, kara kawai ake yanka.

Na wa ne lungun?

Yanzu maganar kuɗi. Ba za mu faɗa muku farashi ba, don na Maraɗi daban, na Damagaram daban, na Tawa da Yamai daban, kuma yana hawa lokacin bukukuwa da gabanin salla. Ran kasuwa ku je rumfar masu kayan turare, ku tambayi kuɗin tiya, ku tambayi daga ina ake kawo shi, ku tambaya ko za su sayi na gida. Ku kai musu ɗan samfur su sansana. Amma kada kowa ya yi mafarkin hekta. Kajiji ba abinci ba ne, kaɗan ake saye, kuma in gari duka ya cika fadama da shi, farashin zai faɗi. Wanda ya tuge albasa ko rake don ya sa kajiji ya yi wauta. Ribarsa ita ce, daga wurin da ba ya ba ka ko dala yake fitowa, kuma ba ya ruɓewa kamar tumatur. Kana iya aje shi wata da watanni har ka samu mai saye.

Mu a ganinmu, lungun nan na mata ne. Su suka san kajiji mai kyau, su ke haɗa turaren, su ke saida shi gida-gida. Matar da ke sayen kajiji a kasuwa ta haɗa turare, ribarta kaɗan ce. Wadda ta tono nata, ta shanya, ta daka, ta haɗa, ribar duka tata ce. Maigida, wurin da ka bar ma kwaɗi, ka ba uwargida ko ɗiyarka. Amma in ka ba ta, ka ba ta da gaske. Sau da yawa mace takan gyara mataccen wuri, in ya fara kawo kuɗi sai a ce ana bukatarsa. Tun da kajiji sai ya shekara, aron wata uku ba ya da amfani. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira kofo, har a ƙauyuka, kuma suna rubuta takardar aro da ta kyauta. In ƙungiyar mata ce ta samu gefen fadama daga hannun mai ita, a je a rubuta, a faɗi shekara nawa.

Masu bincike na INRAN, da ke da cibiya a Tarna kusa da Maraɗi, ya kamata su tattara irin kajiji na Gaya da na Korama da na Difa wuri ɗaya, su gwada wanda ya fi ƙamshi da wanda ya fi jure inuwa da kanwa. Hukumar ONAHA ma, a manyan fadamun Jiratawa da Ƙonni, tana da gefen magudanai masu laima da za a iya ba ƙungiyoyin mata, muddin ba cikin magudanar aka dasa ba, kuma ba inda ruwan feshi ke bi ba.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga inda alƙalaminku zai yi aiki. Ka ware shafi guda cikin littafinka. Ka rubuta ranar da ka dasa, da gindi nawa, da inda ka samo irin, da lokacin da rana ke sauka wurin da lokacin da take barinsa. Ranar tono ka rubuta tiya nawa ka samu ɗanye, tiya nawa bayan ya bushe, da nawa aka saya. In mutum biyar a gari suka yi haka, ɗaya ƙarƙashin dabino, ɗaya gefen mangwaro, ɗaya a fili, baɗi war haka sai ku zauna ku gwama shafukanku, ku kai ma malamin gona kwafi, ku aiko muna da ɗaya mu karanta a rediyo.